Saura Mutum Ɗaya a Gonar Laraba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, da mai ba da oda da mai karɓa. Ranar Talata, 28 ga watan Mayu, 2024, wadda ta yi daidai da 20 ga Zulƙida, 1445, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kanar Awaisu Abdulrahman mai ritaya a gidansa da ke Funtua, yana da shekara tamanin da biyu. An yi masa sutura a mahaifarsa, Ƙarfi, bayan sallar La'asar. Ya bar mata ɗaya, Hajiya Shafa'atu, da 'ya'ya biyar, da jikoki masu yawa.

Ni mai wannan rubutu sunana Maiwada Muhammad Sani, mutumin Tsiga, saje mai ritaya. Ina cikin gonata ina duba tsiron masara babban ɗansa Kabiru ya kira ni a waya. Ya ce, "Baba Saje, sai haƙuri, Baba ya cika." Na zauna a kan kunya na daɗe ban tashi ba.

Yallaɓai, gidajen rediyo sun faɗi tarihinka. Sun ce ka jagoranci sojoji a yaƙin basasa, sun ce ka shugabanci Gamayyar Ƙananan Manoma ta ƙasa baki ɗaya har shekara takwas. Duk gaskiya ne. Ni kuwa na jinkirta tawa ta'aziyyar kusan wata guda, don akwai wani aiki da ka bari a wuyana, wato gayyar gonar Laraba, wadda muka yi shekara hamsin da huɗu muna yi tare. Ban ga da wane ido zan rubuta sunanka ba alhali ban san ko gayyar nan ta mutu tare da kai ba. Yanzu na sani, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A 1968 aka kai ni kamfaninka ina ɗan shekara ashirin, kai kuwa kana kyaftin. Gaskiya da na fara ganin ka ban ga abin tsoro ba. Ba ka da tsawo, ba ka da ƙiba, muryarka ma sai mutum ya kasa kunne. Na ce a raina wannan malamin makaranta aka sa wa kaki. Kafin mako ya zagayo na gane kurena, ranar da na makara fareti da minti biyar ka tsai da ni a rana har inuwata ta koma ƙarƙashin ƙafata. Kai da agogo ba a shiga tsakaninku, kuma wannan hali har ka tsufa bai bar ka ba. Mutane da yawa sun sha faɗanka a kan lokaci, har da surukanka.

Amma abu biyu na gani a wurinka da ban gani a wurin wani hafsa ba. Na farko, ba ka cin abinci sai kowa ya ci. In an sauke tukunya sai ka tsaya a gefenta, kwanonka a bayanka, kana kallon layi yana wucewa. Sau da yawa ƙanzo kaɗai kake samu. Mai dafa abinci ya taɓa ɓoye maka nama a ƙarƙashin murfi, ka gano, ka sa aka yayyanka shi aka ba marasa lafiya, shi kuma ya sha tsalle-tsallen kwaɗo. Na biyu, ba ka kiran soja da lamba. Mu ɗari da ashirin ne, kowa ka san sunansa da sunan ubansa da na garinsu, da Musulmi da Kirista da mai bin addinin kakanni. In ka kira mutum haka a tsakiyar dajin da bai san kowa ba, sai ya ji kamar daga ƙofar gidansu ake kiransa.

Ina tuna ranar da muka shiga wani ƙauye da mutanensa suka gudu, saura wata tsohuwa da akuyarta. Kwananmu huɗu ba mu ga nama ba. Wasu daga cikinmu suka kwance akuyar, har an wasa wuƙa. Ka zo ka tsaya, ba ka ɗaga murya ba, ka ce, "Da masu bindiga muke yaƙi, ba da akuyar tsohuwa ba." Ka sa wanda ya kwance ta ya mayar ya ɗaure, ka ƙara wa tsohuwar da gishiri, wanda a lokacin ya fi komai wuya a yankin. Mun yi gunaguni ranar, ni ma ina ciki. Yau kuwa ba abin da nake alfaharin ba jikokina labarinsa kamar akuyar nan da ba mu ci ba.

A cikin mutum goma da aka ba ni bayan na zama kofur akwai Ɗanladi ɗan Bawa, Bamaguje daga Gidan Kanya, wata 'yar unguwa tsakanin Ƙarfi da Tsiga. Mutum ne mai dariya, ga ƙarfi, ga son noma kamar me. Duk inda muka yada zango sai ya damƙi ƙasa ya murza, ya sansana, ya ce wannan ƙasa tana kukan hauya mu kuwa muna tattake ta da takalmi. Ya bar matarsa Laraba a gida da goyon ɗansu Maikuɗi.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa rubuta shi ba, kuma kai ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. A watan Oktoba na 1969 aka matsa mana a bakin wani kogi, aka ba mu umurnin ja da baya mu haye. Kwalekwale biyu ne kawai, ruwa ya cika, harsashi na zuba. Dokarka a irin wannan hali sananna ce: kowane kofur ya ƙirga mutanensa sau biyu, yana dafa kafaɗar kowa, kafin kwalekwalen ƙarshe ya tashi. Nawa ne na ƙarshe. Ka juyo ka tambaye ni, "Kofur, sun cika?" Ban ƙirga ba ko sau ɗaya. Tsoro ya kama ni, na ga kawuna a cikin jirgi, na ce, "Sun cika, yallaɓai." Ka yarda da ni, ka ba da oda aka tura.

Da muka haye ka tsai da mu a bayan wani tudu ka shiga kiran suna kamar yadda ka saba. Kowa na amsawa. Ka ce, "Ɗanladi ɗan Bawa na Gidan Kanya." Shiru. Ka sake kira. Shiru. Ka dube ni sau ɗaya, kallon da har yau in na rufe ido ina ganin sa. Ba ka zage ni ba. Ka ajiye bindigarka, ka nemi mai tuƙi ɗaya da zai yarda, kuka koma cikin ruwan nan da rana tsaka. Ni ya kamata in bi ka, amma tsoro ya hana ni, kuma ba zan yi ƙarya a kan haka ba ina da shekara saba'in da shida. Ka same shi a cikin ciyawar bakin ruwa, an harbe shi a ciki, bai fi taku goma daga inda na shiga jirgi ba. Ka goyo shi zuwa kwalekwale, kuka dawo.

Bai kai magariba ba. Kafin ya cika ya riƙe hannun rigarka ya ce, "Kyaftin, gonata. Na bar Laraba da goyo. Kada gonar ta zama saura." Duk ɗan ƙauye ya san abin da yake tsoro. Gonar da ta yi damina biyu ko uku ba noma, dangi ko mai unguwa sai su ba wani, yaro ya tashi ba shi da inda zai sa hauya. Ka ce masa, "Muddin ina da rai, ba za ta zama saura ba." Muka haƙa masa kabari a ƙarƙashin wata bishiya da ba mu san sunanta ba.

Na jira kotun soja, ba ta zo ba. Daga baya magatakardan bataliya ya gaya mini abin da ka rubuta a rahoto: kai ka ba da umurnin tashin jirgi, saboda haka laifin naka ne. Wannan takarda ta jinkirta maka ƙarin girma, abokanka suka wuce ka. Ba ka yi mini maganar ba sai bayan an gama yaƙi, ranar da muka sauka daga jirgin ƙasa a tashar Funtua. Ka ja ni gefe ka ce, "Kofur, ga hukuncinka. Kowace damina kai za ka kira gayya a gonar Ɗanladi. Kai za ka ƙirga mutane, sau biyu, da zuwa da dawowa." Daga nan ba ka sake tayar da zancen kogin nan ba har ka koma ga Allah. Da ka ɗaure ni shekara biyu da na fito na manta. Wannan hukunci kuwa shi ya mai da ni mutum.

Gayyar farko a daminar 1970 muka yi ta, mu goma sha bakwai. Da mutanen Gidan Kanya suka hango sojoji tafe sai suka ɗauka gwamnati ce ta zo ƙwace gona. Mata suka yi ta ɓoye tulunan giya a bayan rumbu, dattawa suka fito suna rantsuwa sun biya haraji. Laraba ta tsaya a bakin gona da yaro a baya, fuskarta a ɗaure. Ba ka yi dogon bayani ba. Ka tuɓe rigar kaki, ka rataye ta a reshen kanya, ka karɓi hauya, ka kama kunya. Sai da ka kai ƙarshenta ka dawo sannan ka gaya mata yadda mijinta ya rasu da abin da ya ce. Kafin azahar an ɗauko gangar noma, samarin unguwar sun shigo layi.

Tun daga shekarar Laraba ta tsara nata. Ta sayi sababbin tukwane ta keɓe don furarmu da kununmu, ba a taɓa zuba wani abu a cikinsu ba. Akuyar gayya kuwa sai ta aika a kira Musulmi ya yanka. Su masu shan nasu suna can gindin wata bishiyar, mu muna nan, in an gama kowa ya koma kunyarsa. Har yau ba ta san wani Kanar ko Saje ba. Kai Kyaftin ne a bakinta, ni kuwa Kofur, ko da furfura ta rufe mini kai.

An yi surutu, ba a fasa ba. Bayan ka dawo daga aikin Hajji wasu suka same ka a Ƙarfi suka ce bai dace Alhaji guda ya riƙa duƙawa a gonar Bamaguje ba. Ka saurare su har suka gama, ka ce, "Ranar da harsashi ya zo bai tambayi addinin kowa ba. Ciyawa ma ba ta tambaya. Ni kuma Musulunci ne ya hana ni saɓa alkawari." Limamin Ƙarfi na lokacin, Allah Ya jiƙansa, da kansa ya zo gayyar shekarar da ta biyo, surutu ya mutu.

Kana cikin soja ma hutunka na shekara a makon gayya kake ɗaukar sa. A shekara hamsin da huɗu sau uku kawai ka rasa zuwa, kuma duk ukun ka aiko ƙanenka a madadinka. Ka kuma kafa wata doka a gidanka: ba a sa hauya a gonarka sai an gama ta Laraba. Hajiya Shafa'atu ta yi mita har ta gaji. A Ƙarfi in aka ga gona ta yi ciyawa a farkon damina sai a ce wa mai ita, "Kai ma Kanar ka zama?" Da Maikuɗi ya girma ya yi aure, ya same ka ya ce, "Baba, yanzu na isa, a huta haka." Ka ce masa, "Ubanka bai yanka mini rana ba." Aka ci gaba.

Ka yi ritaya a 1985 ka koma noman auduga da masara. Manoman Funtua suka sa ka gaba, daga nan jiha, daga nan aka zaɓe ka shugaban Gamayyar Ƙananan Manoma na ƙasa. Mutanen birni suka yi ta mamakin yadda tsohon soja ya riƙe manoma masu harsuna daban-daban shekara takwas ba a rabu ba. Mu da muka san ka ba mu yi mamaki ba, don kamfaninmu na yaƙi ka sake ginawa, sai dai wannan ya kai faɗin ƙasa. In an kawo taki ko iri, sunanka ne na ƙarshe a jerin masu karɓa, kuma shekara biyu taki ya ƙare bai iso kanka ba. Ka zaga kowace jiha ta mota, ka kwana a ƙauyuka, ka dawo da sunayen mutane a ka. In wakili ya miƙe a taro sai ka kira shi da sunansa da na garinsu, ka tambaye shi ya rogo ya yi bana.

Shekarar da wani ɗan kwangila ya shigo da irin auduga marar kyau, gonaki da yawa ba su tsira ba. Wani ma'aikacinka ne ya karɓi irin bai gwada ba. Manoma suka cika harabar ofis a Funtua a fusace suna neman a fito musu da shi. Kai ka fito. Ka ce kai ne shugaba, kai ka sa hannu, wanda zai yi jifa ya jefe ka. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ka tsaya a kan maganar har aka kawo wani irin aka sake shuka. Ma'aikacin kuwa ka cire shi daga wurin a asirce ka mai da shi gwajin iri, kuma an ce har ya bar aiki ba buhun da ya wuce hannunsa bai jiƙa ƙwaya ɗari ya ga tsironsu ba. Da na ji labarin na yi murmushi, don na san wannan hukunci.

Akwai shekarar da babban taron ƙasa ya faɗo rana ɗaya da gayya. Aka ce ka aika wakili gona. Ka ce a'a, taron ne zai zo gona. Ka sa aka dawo da shi Funtua, da safe ka kwashi wakilai a motoci uku zuwa Gidan Kanya, ka raba musu hauya. A cikinsu akwai wani dattijo manomin shinkafa daga Abakaliki, wanda ya yi yaƙi a ɗaya ɓangaren. Da aka ba shi labarin mai gonar sai ya tuɓe takalmi, ya kama kunyar da ke kusa da taka. Kuka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba mai jin yaren wani sosai. Da aka tashi ya je ya durƙusa gaban Laraba, ita kuma ta ba shi fura a ƙwaryarta. Na halarci bukukuwan haɗin kan ƙasa da yawa a bariki, da fareti da badujala, amma ban ga wanda ya kai wannan ba.

Da wa'adinka na biyu ya ƙare, wakilai suka so a gyara tsarin Gamayya don ka zarce. Ka ƙi. Ka ce kwamandan da bai tanadi wanda zai gaje shi ba bai gama aikinsa ba. Ka miƙa makullai ka koma Ƙarfi ka tarar da ciyawarka tana jiran ka.

Shekarun nan na baya abubuwa suka lalace a dajinmu. Bara waccan ɓarayin daji suka shiga Gidan Kanya, suka kora shanun huɗar Maikuɗi, suka karya masa hannu, har yau ba ya iya ɗaga hauya da shi. Rabin unguwar suka kwashe suka koma Malumfashi. Laraba ta ce ba inda za ta. Gayyar bara mu goma sha huɗu ne kacal, mafi ƙanƙanta tun da aka fara. Kana da shekara tamanin da ɗaya ka yi kunya ɗaya, ka tsaya sau uku kana haki, ba wanda ya isa ya karɓi hauyar daga hannunka.

Sai ga shi bana ka tafi ana cikin shuka. Ranar sadakar bakwai na ja Kabiru gefe na yi masa zancen gayya. Kabiru injiniya ne a Kaduna, rabonsa da hauya tun yana sakandare. Ya ce, "Baba Saje, hanyar nan ba lafiya. In wani abu ya sami mutane, wa zai ɗauki alhaki? Mu aika musu da hatsi kawai." Ban ga laifinsa ba, maganar hankali ya yi. Amma na fito zuciyata ta yi nauyi, don hatsi ba ya hana gona zama saura.

Na hau babur na je Gidan Kanya. Laraba da jikokinta mata sun yi shuka, dawa ta fito, amma ciyawa ta fara rufe ta. Na tarar ta ɗaure tukwanen nan namu da igiya ta jingine a bango. Ta ce, "Kofur, kada ka wahal da kanka. Kyaftin cewa ya yi muddin yana da rai, kuma ya cika. In damina ta wuce za mu bi mutane Malumfashi." Na hau babur na koma Tsiga.

Washegari Hajiya Shafa'atu ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, ta yi mini magana daga bayan labule. Ta sa aka fito da hauyarka, bakinta na ƙyalli. Ta ce mako guda kafin rasuwarka, kana kwance ba ka iya tashi, ka sa aka kai ta maƙera aka gyara, ka ce a gaya wa Kofur kada ya makara. Ta ce, "Shekara hamsin ina faɗa a kan gayyar nan. Yanzu ni ke roƙon ka, ka kira ta." Na karɓi hauyar na ce, "To, Hajiya."

Na sayi goro na raba kamar yadda na saba, a Tsiga da Ƙarfi da Bakori da Funtua, na sa rana: Asabar ta farko bayan Babbar Sallah. Na gaya wa kowa gaskiyar halin hanya, na ce wanda ya ji tsoro ya zauna, ba laifi. A raina na ce in mun kai goma mun gode Allah.

Da na iso mararrabar Gidan Kanya da sassafe sai na ɗauka wata kasuwa ce ta tashi. Babura, Keke Napep, motocin ɗaukar auduga guda biyu. Ga manoman Ƙarfi, ga leburorin injin gurzar auduga na Funtua, ga wakilan Gamayya daga jihohi uku, ga 'ya'yan sojojin kamfaninmu da iyayensu suka riga mu gidan gaskiya. Ga mutanen Gidan Kanya da suka koma Malumfashi, sun dawo da gangarsu. 'Yan sintirin Ƙarfi suka ce su za su tsare bakin daji har a tashi. Can gefe na hango Kabiru da tsohuwar riga, yana tsaye kamar mai jin kunya. Ya zo ya gaishe ni ya ce, "Baba Saje, Hajiya ta ce hauyar Baba tana wurinka." Na miƙa masa.

Yallaɓai, da ka ga gonar nan. Layi ya kama daga kanya har rafi, ganga na tashi, ƙasa na juyawa. Ɗanka bai iya noma ba, gaskiya ce, kunyarsa ta karkace, tafin hannunsa ya yi bororo kafin hantsi, samarin Gidan Kanya suna ta yi masa dariya. Amma bai ajiye hauyar ba sai da ya kai ƙarshe. Da aka sauke abinci kuwa na ga ya koma gefen tukunya ya tsaya, kwanonsa a bayansa, har layi ya ƙare. Ba wanda ya ce masa ya yi haka.

Laraba ta kwance tukwanenta. Da ta kawo mini fura na ce ta zauna, na gaya mata abin da ya faru a bakin kogin nan, duka, ban rage komai ba. Ta dubi gonar. Sannan ta ce, "Wanda ya koma ya ɗauko shi na sani. Wanda ya yi shekara hamsin da biyar yana ƙirga mutane a gonata ma na sani. Sha furarka, Kofur, za ta yi tsami." Na sha, hawaye na zuba a cikin ƙwaryar.

Kafin la'asar an gama, ba a bar ko tsinken ciyawa ba. A gaban kowa Kabiru ya ce wa Maikuɗi baɗi ma suna nan tafe, kuma gonar Ƙarfi ba za a taɓa ta ba sai an gama wannan. Sai na tsai da mutane a layi don in yi aikina. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dafa kafaɗa, na kai ƙarshe, na dawo na sake. Na juya wajen gindin kanya, inda ka saba tsayawa kana duba agogo kana jiran in ba ka rahoto, na ƙame.

Ga rahotona, yallaɓai. Na ƙirga sau biyu, kamar yadda ka koya mini. Mutum ɗari da goma sha ɗaya suka zo, mutum ɗari da goma sha ɗaya suka koma gida lafiya. Gonar Ɗanladi ba ta zama saura ba. Amma ba zan sake ce maka sun cika alhali ba su cika ba. Saura mutum ɗaya, kuma wannan karon ba kogin da za mu haye mu ɗauko shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Shafa'atu, da Kabiru, da Najiba, da Mansura, da sauran 'ya'ya da jikoki, da jama'ar Ƙarfi da Funtua, da manoman ƙasar nan da ya jagoranta, da Laraba da Maikuɗi da mutanen Gidan Kanya, da mu ukun da muka rage daga kamfaninsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Ya Allah, ga bawanKa Awaisu ɗan Abdulrahman na Ƙarfi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini nawa. Ya ciyar da mutane kafin ya ci, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ranar da za Ka tara bayi a yi ƙidayar da ba a kuskure a cikinta, Ka sa in an kira sunansa ya amsa daga cikin mutanen Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Saje Maiwada Muhammad Sani (mai ritaya), Tsiga.